Waiwaye: Hatimi Mai Gida Tara da Tambayar da Muka Daina Yi

A shekarar 1741 wani malami Bakatsine ya rasu a Alƙahira, a gidan amininsa Shehu Hasan al-Jabarti. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, littattafan Larabci kuma suna ƙara masa al-Fulani al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina ke nan. Aikin hajji ne ya fitar da shi daga gida. Da ya sauke farali sai ya yada zango a Masar, ya ci gaba da karantarwa da rubutu har ajali ya riske shi, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan wannan mai masauki, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ba a ma haife shi ba a lokacin, shi ne ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma bai manta da baƙon mahaifinsa ba. Ya sa shi cikin jerin manyan malaman da suka rasu a wancan zamani, ya yabi zurfinsa a ilmi.

Ɗaya daga littattafan Malam Muhammadu da aka fi sani shi ne Bahjatul Afaƙ, kan ilmin haruffa da aufaƙi, wato hatiman lambobi, wanda ya kammala a wajajen 1732. Akwai kwafinsa na rubutun hannu a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka da ke Landan. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo labarinsa cikin littafinta Africa Counts, daga nan ne ɗaliban lissafi a ƙasashe da dama suka fara jin cewa wani mutumin ƙasar Hausa ya rubuta hanyoyin jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla iri ɗaya. Yana yi mini ciwo cewa ɗan makarantarmu, in ma ya taɓa jin sunan wannan bawan Allah, ta bakin baƙi ya ji shi.

Amma mutumin Ka'oje ba sai ya je Landan ba kafin ya ga wannan abu da idonsa. Nan ƙasar Gwandu ce, ƙasar karatu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma duk wanda ya tashi tsakanin Ka'oje, Bagudo, Illo, Lolo da Tsamiya ya san hatimi. Ya gan shi a allo, ya gan shi a tsohuwar takardar da aka warware daga laya, ya gan shi a gefen littafin kakansa an zana da tawada mai launin ƙasa. Wanda ya fi yawa shi ne mai gida tara, da malamai ke kira musallasi, wasu su ce musallasin Gazali. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Da yake kowane baƙi na Larabci yana da ƙimarsa a hisabi, sau da yawa baƙaƙe ake zubawa maimakon lambobi, a karanta daga dama: baɗad, zahaj, wah. Ka haɗa layin kwance, 15. Ka haɗa na tsaye, 15. Ka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 dai.

Ina yaro na taɓa ganin wani dattijon malami yana zana shi, na kasa haƙuri na ce, "Allah gafarta Malam, me ya sa kullum biyar ce a tsakiya?"

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, haka muka tarar. Ba duk abin da ido ya gani baki ke tambaya ba."

Ban ga laifin dattijon ba, don shi ma haka aka amsa masa. Sai dai tambayar tana da amsa, kuma amsar ba ta fi ƙarfin yaron aji shida ba. Haɗa lambobi daga 1 zuwa 9, za ka sami 45. Layuka uku ne za su raba wannan 45 daidai wa daida, don haka kowane layi dole ya ɗauki 15. Babu wani zaɓi. Yanzu dubi gidan tsakiya. Layuka huɗu ne ke ratsa shi: na kwance, na tsaye, da na kusurwoyi biyu. Jimlarsu 15 sau 4, wato 60. Su huɗun nan sun taka kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taka sau huɗu. Ke nan 60 ɗin nan ita ce 45 da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Rarar 15 ce, ka raba uku, 5. Shi ke nan. Biyar ba don wani ɓoyayyen dalili take zaune a tsakiya ba, lissafi ne ya hana kowace lamba zama a wurin sai ita.

Haka za ka ci gaba da bin sawu. Gidan kusurwa layuka uku ke ratsa shi, amma hanyoyi biyu kacal ake haɗa 1 da wasu lambobi biyu a sami 15: ko 1, 5, 9, ko 1, 6, 8. Saboda haka 1 ba ta zama a kusurwa, dole ta koma gefe, 9 ta zauna a gefen da ke fuskantar ta, 6 da 8 su saka ta a tsakiya, sauran gidajen kuma su cika kansu. Hanyoyin zuba lambobi tara cikin gidaje tara, ba tare da wata doka ba, 362,880 ne, wato 9 sau 8 sau 7 har ƙasa zuwa 1. Cikinsu 8 ne kawai suke daidaita. Su takwas ɗin ma in ka lura abu ɗaya ne. Tabarma ce guda: ka juya kanta gabas ko yamma, ka kifa ta ko ka daidaita ta, saƙarta ba ta canza ba. Juyi huɗu, kifawa biyu, takwas ke nan. Ashe musallasi ɗaya ne tak a duniya, shi ne a Ka'oje, shi ne a Fas, shi ne kuma wanda mutanen Sin suka sani tun kafin zuwan Musulunci suna kiransa Lo Shu.

A hannun Musulmi littattafan farko kan gina aufaƙi lissafi ne tsantsa. Abul Wafa al-Buzjani, masanin taurari na Bagadaza da ya rasu a 998, ya yi rubutu a kan yadda ake gina aufaƙi, su ma Ikhwanus Safa na Basra sun kawo su cikin wasiƙunsu a ƙarni na goma. Daga baya ne, musamman ta littattafan da ake jingina wa Ahmad al-Buni, wanda ya rasu a wajajen 1225, aka yawaita ɗaura su da asiran baƙaƙe da sunaye, suka yaɗu cikin laya da rubutun sha. Malamai sun saɓa a kan wannan tun da daɗewa. Ibn Khaldun ya soki ilmin haruffa da kakkausar murya a Muƙaddima, kuma har yau a masallatanmu ana wa'azi a kai. Hukuncin wannan na malaman shari'a ne, na bar musu. Abin da nake faɗa shi ne ko da mutum ya ɗauki ra'ayi mafi tsauri a kan laya, 4 da 9 da 2 ba su daina zama 15 ba. Da muka tashi ƙyamar asirin sai muka haɗa da lissafin muka zubar, wasu kuma da suka rungumi asirin sai suka kulle lissafin a cikinsa. Duk biyun asara ce.

Malam Muhammadu ya fi mai da hankali kan aufaƙi masu gefe mara, wato 3, 5, 7, 9 da sauransu, kuma masanan Musulmi sun san hanyoyi da yawa na gina su, har da wadda ake tafiya cikinta irin tsallen doki a wasan shaɗaranji. Ga wata mai sauƙi da kowa zai iya gwadawa a ƙasa da tsinke. Zana gida 25, biyar-biyar. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kowace lamba ta gaba ka hau da ita gida ɗaya sama, ka karkata dama. In ka fita ta sama, ka shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar da gida a cike, ko ka kai kusurwar sama ta dama, ka sauko gida ɗaya ƙasan lambar da ka rubuta. Da ka kai 25 layin samanka zai zama 17, 24, 1, 8, 15, kuma kowane layi zai ba ka 65. Turawa suna jingina wannan hanya ga Simon de la Loubère, jakadan Faransa da ya koyo ta a tafiyarsa ta ƙasar Siyam a 1687 da 1688. Shi ma koyo ya yi a Gabas ya kai gida.

To, a nan ne hanyarmu da ta wasu ta rabu. Iya gina hatimi abu ɗaya ne. Tambayar guda nawa ne za a iya ginawa, kuma ta yaya za a tabbatar ba a tsallake ko ɗaya ba, wani abu ne dabam. Wani Bafaranshe, Bernard Frénicle de Bessy, ya zauna ya ƙirga duk murabba'ai masu gida 16, inda kowane layi ke ba da 34, ya sami 880 idan ba a lissafa juyi da kifawa ba. An buga aikinsa a Paris a 1693, bayan rasuwarsa, kusan shekara 40 kafin littafin Malam Muhammadu. Na mai gida 25 sai da aka jira kwamfuta: a 1973 Richard Schroeppel ya ƙirga 275,305,224. Dubi wannan tsalle: 1, sai 880, sai miliyan 275 da ɗoriya. Na mai gida 36 kuwa, wasu masana biyu a Jamus sun ƙiyasta shi a 1998, lamba ce mai gurbi 20. Mai gida huɗu, biyu-biyu, ba ya yiwuwa sam, kuma gano dalilin aiki ne mai daɗi ga yaro.

Me ya sa aka yi ƙirgar a Paris ba a Katsina ba? Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Mutumin da ya karantar a Alƙahira har manyan malamanta suka girmama shi ba ƙaramin kai ne da shi ba. A ganina bambancin yana wurin abin da ya faru da ilmin bayan mai shi. Aikin Frénicle an buga shi, ya shiga hannun duk mai so, wani ya duba ko akwai kuskure, wani ya ɗora. Namu kuwa ya zama abin da ake bayarwa da izini, daga malami zuwa almajiri ɗaya da ya daɗe yana hidima, a kuma gargaɗe shi kada ya yaɗa. Ilmin da ake ba mutum ɗaya a kowane zamani, in wannan ɗayan ya mutu ba zato, ya tafi. In ma bai tafi ba, ba ya ƙaruwa, don babu mai ikon cewa "Malam, a nan an yi kure." Sannan makarantar boko ta zo da lissafinta daga waje, ba ta ko leƙa zauren malam ta ga me ke kan allo ba. Aka wayi gari yaro yana da lissafi biyu da ba sa gaisawa.

Daga aufaƙin nan ne wani reshe ya tsiro. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan da ya ƙare rayuwarsa a Rasha, yana neman sabuwar hanyar gina su sai ya koma nazarin wani tsari mafi sauƙi: a manta da jimla, a ce kawai kowace alama ta fito sau ɗaya a kowane layin kwance, sau ɗaya a kowane layin tsaye. Da yake da baƙaƙen Latin ya riƙa cika gidajen, sai sunan murabba'in Latin ya bi su. A 1782 ya kawo tambayarsa ta hafsoshi 36: runduna shida, kowace ta turo hafsoshi shida masu muƙamai shida, a jera su shida-shida ta yadda babu runduna ko muƙamin da zai maimaitu a layi. Euler ya ce yana zaton ba zai yiwu ba, amma bai iya tabbatarwa ba. Sai a 1900 Gaston Tarry, wani ma'aikacin gwamnatin Faransa a Aljeriya da lissafi ke ba sha'awa, ya bi dukkan yanayoyin da hannu ya nuna lallai ba ya yiwuwa. Euler ya kuma yi zaton haka abin yake ga 10, 14, 18 da ire-irensu. A nan ya kuskure, kuma sai a 1959 Bose da Shrikhande, 'yan Indiya, tare da Parker na Amurka, suka rushe wannan zato. Babban malami ya faɗi magana, aka yi shekara 177 ana gwada ta, aka tarar rabinta daidai rabinta kure, kuma girmansa bai ragu ba. Wannan ɗabi'a nake yi mana sha'awa.

Kada wani ya ce duk wannan wasan masu ƙoshi ne. Manomin shinkafa a fadamar Bagudo ya san gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce: ɓangaren da ke kusa da ruwa ya fi danshi, wani gefen ya fi yashi. In kana so ka gwada irin shinkafa biyar ka ga wanne ya fi, ka shuka kowanne a kuyya ɗaya mai tsawo, ba za ka san ko irin ne ya yi kyau ko wurin ne ya taimake shi ba. A shekarun 1920 Ronald Fisher, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya nuna mafita: raba filin gida 25, ka jera irin biyar ɗin bisa murabba'in Latin, kowane iri ya ɗanɗana kusa da ruwa ya ɗanɗana nesa, ya taɓa yashi ya taɓa laka. Ya kuma dage cewa da ƙuri'a za a zaɓi jerin, don kada son zuciyar mai gwaji ya shiga. To ba ka yin ƙuri'a ta adalci sai ka san adadin abin da kake zaɓa daga ciki. Na biyar-biyar 161,280 ne. Na shida-shida 812,851,200 ne, kuma Fisher da abokin aikinsa Frank Yates sun zauna sun rarrabe su a 1934 saboda wannan buƙata. Tambayar "nawa ne?" ta shiga gona.

Wasan sudoku da matasanmu ke bugawa a waya jikan wannan tsari ne. Gida 81, tara-tara, an kasa su unguwa tara, kowace unguwa gida tara. Lambobi 1 zuwa 9 kowace ta fito sau ɗaya a layin kwance, sau ɗaya a layin tsaye, sau ɗaya a unguwa. Jaridun Paris sun buga abin da ya kusa zama shi a 1892 da 1895, daidai shekarun da Faransa da Ingila ke tseren mallakar Bargu, tseren da ya ƙare da yarjejeniyar 1898 wadda ta bar Nikki a hannun Faransa, Busa da Illo a hannun Ingila, ta haifar da iyakar da muke tsallakawa yau in za mu Segbana. Wasan ya ɓace, sai a 1979 ya sake fitowa a wata mujallar Amurka, ana kuma danganta shi ga Howard Garns, wani mai zanen gine-gine da ya yi ritaya. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984 ya raɗa masa sunan da ya bi shi. Wayne Gould, tsohon alƙali ɗan New Zealand da ya yi aiki a Hong Kong, ya rubuta manhajar da ke ƙirƙiro shi, ya shawo kan jaridar The Times ta Landan ta fara bugawa a Nuwamban 2004, kafin shekara ta zagayo ya game duniya. Wani abin da ke burge ni game da shi a yanki irin namu: yaron Segbana da Faransanci yake karatu, na Ka'oje da Turanci, almajiri da Larabci, a kasuwa kuma ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Bokanci, amma duk za su iya durƙusawa kan takarda ɗaya su warware ta ba tare da tafinta ba.

Kafin a je ga mai gida 81, a gwada ƙaraminsa mai gida 16, lambobi 1 zuwa 4, unguwa huɗu. Unguwar farko ana cika ta ta hanya 24. Ɗauki ɗaya: 1, 2 a sama, 3, 4 a ƙasa. Ragowar layin farko 3 da 4 ne, hanya biyu. Ragowar layin tsaye na farko 2 da 4 ne, hanya biyu. Bayan nan saura zaɓi biyu: yadda za a jera 1 da 2 a ƙarshen layi na biyu, da yadda za a jera 1 da 3 a ƙasan layin tsaye na biyu. Yanayi huɗu ke nan, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga uku suna cika lafiya, ɗaya yana toshewa, don wani gida zai rasa lambar da za ta shige shi. Sai ka ninka: 24 sau 2 sau 2 sau 3, ya ba ka 288. Wannan darasi ne na awa guda, ba ya buƙatar komai sai alli, kuma yaron da ya gano wancan yanayi na huɗu da kansa ya ɗanɗani abin da ake nufi da hujja.

Irin wannan dabara Bertram Felgenhauer na Jamus da Frazer Jarvis na Jami'ar Sheffield suka bi a 2005, sai dai da taimakon kwamfuta. Sun kafe unguwar farko, tunda sauya wa lambobi suna ba ya canza tsari, suka ajiye 362,880 a gefe don ninkawa daga baya. Sannan suka dubi unguwanni uku na sama, suka riƙa haɗa waɗanda dole adadin cikonsu ya zo ɗaya, har suka rage su zuwa rukuni 44. Kowane rukuni suka ba kwamfuta ta ƙirga hanyoyin cika sauran gidajen. Jimlar da ta fito ita ce 6,670,903,752,021,072,936,960. In mutum biliyan 8 za su zauna kowa yana cika guda ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, za su haura shekara 26,000 ba su gama ba. Duk da haka wannan ɗan kaɗan ne cikin murabba'an Latin masu tara-tara: ɗaya ne cikin sama da 800,000 yake cika sharaɗin unguwa.

Sai kuma tambayar da muka yi wa musallasi ta dawo: nawa ne cikinsu suka bambanta da gaske? Ana iya sauya sunayen lambobi, a musanya layuka cikin rukuninsu, a musanya rukunan kansu, a mai da kwance tsaye, duk ba tare da an karya doka ba. Sauye-sauyen wuri 3,359,232 ne, in an ninka da na suna su zama 1,218,998,108,160. Jarvis da Ed Russell suka yi wannan tankaɗe suka sami 5,472,730,538. Wanda ya raba babbar lambar da adadin sauye-sauyen zai sami abin da ya gaza wannan da kaɗan, dalili kuwa akwai 'yan tsirarun jeri da in an juya su suke komawa kansu, kuma sai da aka bi waɗannan a hankali kafin lissafin ya zauna.

Tambaya ta ƙarshe ta fi wuya. Mai shirya wasan yana ba ka wasu lambobi ya ɓoye saura, da sharaɗin amsa ɗaya ce tak. Lambobi nawa ne mafi ƙaranci da zai iya bayarwa? Gordon Royle a Ostireliya ya tara wasanni sama da 49,000 masu lamba 17, ba a kuma taɓa samun mai 16 ba. Amma rashin gani ba hujja ba ne. Gary McGuire na Dublin da abokan aikinsa biyu, Bastian Tugemann da Gilles Civario, suka lura da cewa a kowane cikakken jeri akwai ƙananan tarko: misali gidaje huɗu a layuka biyu, cikin unguwanni biyu, inda lambobi biyu za su iya musanya wuri ba a karya komai ba. In mai shirya wasa bai bayyana ko ɗaya daga gidajen nan huɗu ba, amsa ta zama biyu. Don haka dole lambobin da aka bayar su taɓa kowane tarko. Da wannan suka bi duk jeri biliyan biyar da ɗoriyan nan a kan babbar kwamfuta, aikin da ya ci kusan shekarar 2011 gaba ɗaya, a Janairun 2012 suka sanar cewa 16 ba ta isa. Sha bakwai ce iyaka.

Nakan ji iyaye a nan suna cewa 'ya'yansu ba su da kan lissafi, malaman makaranta kuma suna kukan babu littattafai, babu kayan aiki. Kukan gaskiya ne, ba na raina shi. Amma yaron da ke canjin naira da sefa a ka a bakin iyaka, ba tare da ya yi kuren ko sisi ba, ba za a ce ba shi da kan lissafi ba. Abin da ba a taɓa yi masa ba shi ne a ajiye masa abu a gaba a ce: gaya mini dalili, gaya mini guda nawa, kuma ka gamsar da ni babu saura. Malamin lissafi da zai shiga aji ya zana gida tara a allo, ya ce wa yara wannan da kuke gani a littafin kakanninku wani Bakatsine ya rubuta littafi a kan irinsa a Masar, yau za mu gano me ya sa 5 take tsakiya, ya sami hankalinsu fiye da wanda ya fara da ƙa'idar da za a haddace. Haka shi ma malamin zaure da ya iya hisabi yana riƙe da rabin darasin, in zai yarda a tambaye shi.

Akwai ma fagen da ke gabanmu kullum a ƙarƙashin inuwa. Dara, wadda dattawa ke yi da tsinke da tsakuwa daga nan har Zuru da Dosso, ita ma wasan jera abu ne cikin gurabe. Fage mai gurbi 30, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. In ba a kula da doka ba, na farko yana da hanya 86,493,225 ta zaɓen gurabensa, na biyu kuma 18,564 cikin 18 da suka rage, jimla 1,605,660,228,900. Amma a wurare da yawa ba a yarda ka jera uku a layi lokacin dasawa ba, sai an fara tafiya, kuma wannan doka tana zubar da kaso mai yawa na wancan adadi. Fagen kansa ana juya shi ta fuska huɗu, 'yan wasan kuma suna iya musanya 'ya'ya, don haka akwai tankaɗe irin na Jarvis da Russell a ciki. Ɗalibin lissafi a jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi, mai ƙaramar kwamfuta da kakan da ya iya dara, yana da duk abin da ake buƙata don wannan ƙirga. Sai ya fara zama da tsofaffin ya rubuta dokokin yadda ake yin su a garinsu, don na Ka'oje ba lallai su zo ɗaya da na wani gari ba. Sannan ya ɗauki ƙaramin fage mai gurbi 12 da 'ya'ya huɗu-huɗu, inda jimlar farko 34,650 ce kawai, ya tace ta ya tabbatar manhajarsa ba ta ƙarya, kafin ya ƙara layi.